Gawon Magarya Da Injin Turawa: Wa Zai Mayar Da Hayaƙi Dukiya?

Duk mai bin labaran duniya a 'yan shekarun nan ya sha jin maganar sauyin yanayi, har ta kai wasu daga cikin masu saurarenmu a rediyo suna ɗaukar abin tamkar tatsuniyar Turawa. To amma a bayan wannan surutu akwai wani aiki da ake yi shiru-shiru a ɗakunan bincike na jami'o'in Japan, Sin, Kanada, Jamus, Suwizalan da Amurka, wanda ya kamata mutumin Magarya da na Dungas su san da zamansa. Aikin kuwa shi ne neman hanyar da za a tare iskar nan da ke fita daga bututun masana'antu da salansar motoci, wadda masana ke kira kabon dayokzaid, a sa mata wutar lantarki ta koma abin amfani, kamar mai, ko roba, ko taki. An daɗe da gano cewa hakan yana yiwuwa. Abin da ya hana ruwa gudu har yau shi ne tsada.

Ra'ayinmu a kan wannan batu a fili yake. Wannan bincike ya shafe mu, kuma bai kamata a gama shi babu hannun 'ya'yanmu a ciki ba. Amma kafin injin ya iso, ya kamata hukumomi da duniya su san cewa manoman Magarya da Dungas sun shafe shekaru 40 suna yin wannan aiki da itacen gawo, ba tare da an ƙirga musu ba, balle a biya su.

Bari mu fara da ita kanta iskar, wadda za mu riƙa kira iskar kabon don sauƙi. Ita ce muke fitarwa in mun numfasa, ita ce ke sa lemun kwalba kumfa, ita ce kuma ke tashi duk lokacin da aka ƙone itace, gawayi, fetur ko gas. Lita ɗaya ta fetur tana sakin kusan kilo 2.3. Kafin zamanin masana'antu, a cikin kowane kashi miliyan na iskar da ke kewaye da duniya, kashi 280 ne iskar kabon. A 1958, lokacin da aka fara aunawa a kai a kai a tsibirin Hawai, ta kai 315. Yanzu ta haura 420. A shekarar 2023 kaɗai, ƙona mai da gas da kwal da yin siminti sun zuba tan miliyan dubu 37 a sararin sama. Wannan iska tana riƙe zafin rana kamar yadda bargo ke riƙe ɗumin jiki. Ɗan Nijar yana fitar da kimanin kashi ɗaya cikin goma na tan a shekara, alhali Ba'amurke yana fitar da kusan tan 14, wato ya ninka mu fiye da sau 100. Amma idan ba a manta ba, a daminar 2024 ambaliya ta hallaka mutum fiye da 300 a ƙasar nan, ta raba sama da miliyan ɗaya da dukiyoyinsu, har tsohon masallacin ƙasa na Damagaram, wanda ke tsaye tun ƙarni na 19, ya rushe a watan Satumba. Wasu ne suka hura wutar, mu ne muke shan hayaƙin.

Yaya ake mayar da wannan iska abin amfani? Iskar kabon tamkar toka ce, wato abin da ya saura bayan wuta ta cinye ƙarfin da ke cikin itace ko mai. Wanda ke son mayar da ita baya dole ya biya wancan ƙarfi da wuta ta ci, kuma da lantarki ake biya. Ana samun kwano mai ɗaki biyu, a zuba ruwan gishirin potas, ɗan'uwan wanda iyayenmu mata ke tatsa daga toka, a tsoma ƙarfe biyu, ɗaya a kowane ɗaki, a haɗa su da lantarki, sannan a tura iskar. A ɗaki ɗaya ruwa na tsagewa ya saki iskar oksijin, a ɗayan kuma iskar kabon na sauya kama. Sai dai wannan iska tana da taurin kai, ba ta yarda ta sauya sai in an samu wani abu a fuskar ƙarfen da zai shiga tsakani. Wannan abu shi masana ke kira katalis.

Mutumin da ya san kasuwar Dungas ko ta Maigatari ba ya bukatar dogon bayani a nan, domin katalis dillali ne. Ba shi ne mai saniya ba, ba shi ne mai saye ba, amma in babu shi ana iya wuni ba a yi ciniki ba. Yana haɗa su, a sallama, shi kuma ya koma ya jira wani cinikin. Kamar yadda dillali ke da la'ada, haka shi ma katalis ke cin wani abu daga cikin lantarkin. Nagari shi ne mai ƙaramar la'ada, wanda ke kawo maka abin da ka aike shi, wanda kuma ba ya gajiya. Kowace matatar mai ta zamani da irin waɗannan dillalai take aiki, haka nan a cikin salansar motocin zamani akwai su, an yi su da ƙarafa masu tsada irin su filatinam, shi ya sa ɓarayi ke yanke su.

A 1985 wani masani ɗan ƙasar Japan, Yoshio Hori, na jami'ar Chiba, shi da abokan aikinsa suka bi ƙarafa ɗaya bayan ɗaya suna gwadawa. Suka ga zinariya da azurfa da tutiya suna mayar da iskar ta zama kabon monokzaid, wato gubar nan da ke kashe mutanen da suka kwana da garwashi ko janareta a rufaffen ɗaki, amma wadda a hannun masana'anta ita ce tushen haɗa mai iri-iri. Kuza da dalma suna ba da wani ruwa mai tsami da ake kira asid fomik, wanda masana'antun jima ke amfani da shi wajen gyaran fata. Baƙin ƙarfe da nikel da filatinam kuwa sai su yi watsi da iskar su koma tsaga ruwa, kamar dillalin da ka aika ya sayar maka da rago ya dawo da cinikin akuyar wani. Jan ƙarfe ne kaɗai ya iya ɗaura kabon a kan kabon ya fitar da etilin, sinadarin da ake yin leda da bokitin roba da tiyon ban ruwa da shi.

Tun daga lokacin ake tseren neman dillali mai araha. Zinariya da azurfa sun iya aiki, amma wa zai shimfiɗa zinariya a masana'antar da za ta haɗiye dubban tan na hayaƙi? A ɗakin da ake tsaga ruwa ma, ƙarfen da ya fi jurewa shi ne iridiyam, wanda abin da duniya ke haƙowa a shekara bai kai tan 10 ba, kuma galibinsa daga Afirka ta Kudu, alhali zinariya ana haƙo fiye da tan 3,000. A 2017 masana a jami'ar fasaha ta Lozan, a Suwizalan, sun shafa kuza a kan siraran zaruruwan jan ƙarfe, suka haɗa da faifan sola, suka samu kashi 13 cikin 100 na ƙarfin hasken rana ya shiga cikin sinadarin da suka fitar. A 2018 masanan jami'ar Toronto, a Kanada, sun sa jan ƙarfe ya mayar da kashi 70 cikin 100 na lantarkin da aka ba shi zuwa etilin, har tsawon awa 150. A 2019 kuma, a can Lozan ɗin, aka nuna cewa in an warwatsa baƙin ƙarfe ƙwaya-ƙwaya a cikin wani irin gawayi mai nitrojin, yana yin aikin da ya yi kafaɗa da na zinariya. Mai karatu ya lura da sunayen: jan ƙarfe, kuza, baƙin ƙarfe, gawayi. Babu wanda maƙerin Damagaram bai sani ba.

Duk da haka, kada wani ya zo ya yaudare mu cewa an gama. Awa 150 kwana shida ne da 'yan awoyi, alhali masana'anta tana bukatar abin da zai yi shekaru yana aiki. Wani gishiri mai kama da kanwa yana taruwa ya toshe ƙofofin da iskar ke bi. Ga kuma maganar wuta. A 2019 wasu masana sun yi lissafi a mujallar Science cewa wannan sana'a ba za ta yi gogayya da man fetur ba sai farashin lantarki ya sauko ƙasa da santi 4 na dalar Amurka a kan kowane kilowat na awa ɗaya, wato abin da bai kai sefa 25 ba, dala biyar ke nan a ƙirgenmu na kasuwa. Duk mai biyan takardar wuta a ƙasar nan ya san abin da yake biya ya ninka haka. Sannan in wutar daga kwal ko gazuwal ta fito, hayaƙin da aka tayar wajen samar da ita zai fi wanda aka kama, an yi ba a yi ba ke nan. Bugu da ƙari, injin yana son iskar kabon mai kauri, irin wadda ke fita daga bututun matatar SORAZ ko masana'antar siminti ta Malbaza, domin a fili ba ta da yawa: in ka auna ƙwayar gero 10,000 ka ce ita ce iskar da muke shaƙa, ƙwaya 4 ce kawai iskar kabon.

Wani zai ce, to me ya haɗa wannan da matar da ta goyo ɗanta daga Dogo-Dogo ko Mallawa zuwa asibitin Magarya, inda ƙungiyar likitocin MSF ta fara aikin kula da yara masu tamowa tun 2005? Tambaya ce mai kyau, kuma amsarta tana cikin buhun takin zamani. A 1909 wani Bajamushe, Fritz Haber, ya gano yadda za a ɗauko nitrojin daga iska a yi sinadarin amoniya, uwar takin zamani. Dillalan da ya fara amfani da su su ne osmiyam, ƙarfen da ya fi zinariya wuyar samu, da kuma yuraniyam, irin wanda ake haƙowa a Arlit. Da a nan aka tsaya, da taki ya zama abin kallo a ɗakin bincike. Sai wani ma'aikacin kamfanin BASF, Alwin Mittasch, ya zauna ya yi dubban gwaje-gwaje har ya gano cewa baƙin ƙarfe, in an ɗan gauraya shi da wasu abubuwa, yana yin aikin. A 1913 aka buɗe masana'antar farko a Oppau. A yau masana na ƙiyasta cewa kusan rabin mutanen duniya da wannan taki ake noma abincinsu. Haber ne ya yi suna, amma ƙarfe mai araha na Mittasch ne ya kai taki gonar talaka.

Kuma abin da mutane da yawa ba su sani ba shi ne, takin yuriya, farin nan mai kama da sukari, da amoniya da iskar kabon ake haɗa shi. Shi ne ma ya fi kowace sana'a cin iskar kabon a duniya a yau. A halin yanzu galibi da gas ake yin sa, kamar yadda ake yi a masana'antar Dangote da aka ƙaddamar a Legas a 2022, mai iya fitar da tan miliyan 3 a shekara. Shi ya sa da yaƙin Rasha da Yukiren ya ɓarke a 2022 farashin gas ya tashi, manomin Bande da na Washa suka ji a jikinsu. A 2006 shugabannin Afirka sun haɗu a Abuja sun yi alkawarin ɗaga yawan takin da ake zubawa daga kilo 8 zuwa kilo 50 a kowace hekta kafin 2015, amma Nijar har yau tana cikin ƙasashen da suka fi ƙarancin amfani da taki. Daga cikin abubuwan da masu binciken nan ke nema har da hanyar haɗa yuriya da lantarki kai tsaye. Ranar da aka samu dillali mai araha da zai yi wannan da hasken rana, ƙasar da ta fi rana ita za ta fi cin riba. Rana kuwa ba ma roƙon ta wurin kowa, kuma farashin faifan sola ya faɗi da kusan kashi 90 cikin 100 tsakanin 2010 da 2020.

Yanzu mu dawo gida. Duk wanda ya bi hanyar Damagaram zuwa Magarya da rani, ko ya ratsa daga Bande zuwa Dungas, zai ga gonaki cike da gawo, kore shar a lokacin da komai ya bushe. Dattawa sun san ba haka wurin yake ba bayan farin 1973 da na 1984. A wancan lokaci doka ta ɗauki itatuwa irin su gawo a matsayin na gwamnati, manomi na iya shan tara a kan itacen da ke cikin gonarsa, don haka babu mai sha'awar rainon abin da ba nasa ba. Da yunwa ta ƙare, jama'a suka yi yawa, gonaki suka ƙanƙance, babu sauran saura da za a bar ƙasa ta huta, sai manoma suka fara barin tohon da ke fitowa daga kututture da saiwa in sun zo sassabe. Su zaɓi biyu ko uku masu ƙarfi, su rage sauran, su kare su daga dabbobi. Wannan shi ake kira sassaben zamani. A yankin Maraɗi wani ɗan Ostiraliya, Tony Rinaudo, ya taimaka wajen yaɗa shi tun 1983, har ya samu lambar yabo ta duniya a 2018. A nan kudancin Damagaram kuwa galibi manoma ne suka koya daga junansu.

A 2006 masanin ilmin daji Mahamane Larwanou da abokan aikinsa suka yi bincike a Magarya da Matamaye da Mirya, lokacin Dungas tana cikin Magarya domin sai a 2011 ta zama gunduma mai cin gashin kanta. Suka ƙiyasta cewa kimanin hekta miliyan ɗaya ta sake rayuwa, kuma gawo ne ya fi yawa. Hotunan tauraron ɗan'adam sun nuna cewa a faɗin ƙasar abin ya kai hekta miliyan 5, da itatuwa kusan miliyan 200, kuma an ƙiyasta ƙarin hatsin da ake samu sanadiyyar haka ya kai tan 500,000 a shekara. Wannan ya faru ne a yanki mafi cunkoso, domin a ƙidayar 2012 Magarya da Dungas a haɗe sun haura mutum 900,000. An saba cewa yawan jama'a ne ke cinye daji, a nan kuwa yawan jama'a ne ya dawo da itatuwa.

Kowane ganyen gawo irin injin nan ne da ake nema a Lozan da Toronto. Yana ɗaukar iskar kabon daga fili, ya tsaga ruwa da hasken rana, ya haɗa su su zama sukari, itace da 'ya'ya. Dillalan da ke cikin ganye babu zinariya ko iridiyam a cikinsu. Da manganis da kalsiyam ganye ke tsaga ruwa, koren launinsa kuma a kan magniziyam aka gina shi, dukansu abubuwan da ke cikin ƙasar gona. Gaskiya ne ganye ba shi da sauri, abin da shuka ke adanawa daga hasken rana da wuya ya wuce kashi 1 ko 2 cikin 100. Amma yana gyara kansa, yana haihuwa, ba ya jiran wuta daga Najeriya, irin wadda aka yanke mana a watan Agustan 2023 a lokacin da kusan kashi 70 cikin 100 na wutar ƙasar daga can take zuwa. Shi gawo kuma ya fita dabam da sauran itatuwa, domin da damina yake zubar da ganye, ya bar wa gero rana ya kuma ba shi taki, da rani ya yi inuwa ya zubo wa tumaki 'ya'ya. Saiwoyinsa suna hulɗa da wasu ƙananan halittu masu ɗauko nitrojin daga iska, aikin da Haber ya gina wa masana'anta.

Bari mu yi ɗan lissafi. Kusan rabin nauyin busasshen itace kabon ne, don haka tan ɗaya na itace ya haɗiye kimanin tan 1.8 na iskar kabon. Mu ƙaddara cewa kowanne daga cikin itatuwan nan miliyan 200 nauyinsa kilo 50 ne kacal in ya bushe, abin da duk mai faskare ya san babban gawo ya ninninka. Tan miliyan 10 na itace ke nan, wato tan miliyan 18 na iskar kabon. A 2024 kamfanin Climeworks ya buɗe a ƙasar Aisland wata babbar masana'antar zuƙo iskar kabon daga sarari, wadda aka tsara ta kama tan 36,000 a shekara. Ko da ta yi aiki ba fashi, sai ta shekara 500 kafin ta kamo abin da manomanmu suka yi da adda da gatari.

Ba muna cewa gawo zai maye gurbin bincike ba ne. Itace ba ya ba da leda ko man jirgin sama, kuma in aka sare shi aka ƙone, iskar da ya adana ta koma inda ta fito. Itatuwan Nijar duka ba za su shanye hayaƙin Amurka da Sin ba, maganin wannan shi ne masu hura wutar su rage. Abin da muke tsoro shi ne labarin injin ya zama hujjar ci gaba da ƙone-ƙone a can, a nan kuma a zo a sayi aikin manomi da kuɗin goro. Tun bayan yarjejeniyar Paris ta 2015, da kuma ƙa'idojin da aka amince da su a taron Baku na 2024, kasuwar kabon tana ƙara buɗewa, inda mai masana'anta ke biya don a rubuta masa iskar da itacen wani ya haɗiye. In ba mu tashi tsaye ba, za a wayi gari kura da shan bugu, gardi da karɓar kuɗi.

Don haka muna kira ga hukumomi da abubuwa huɗu. Na farko, a tabbatar wa manomi itacensa. Dokar gandun daji ta 2004 da wadda aka fitar a 2020 kan sassaben zamani sun ba shi haƙƙi a kan abin da ya raina, amma dokar da ke kwance a ofis da Faransanci ba ta kare kowa. A fassara ta da Hausa da Fulatanci, a karanta ta a gidajen rediyo da fadar masu gari, magadan gari da kwamitocin filaye su san yawan itatuwan da ke yankinsu da masu su. Kuma duk wanda ya zo da takardar cinikin kabon, a karanta ta a bainar jama'a kafin wani ya dangwala hannu: shekara nawa za a ɗaure gona, nawa za a biya, wa zai karɓa, kuma shin mata za su ci gaba da samun itacen girki, makiyaya kuma da 'ya'yan gawo?

Na biyu, a rage wa gawo nauyi. Muddin tukunya a kan murhun duwatsu uku take, gatari ba zai huta ba. Matatar SORAZ da ta fara aiki a 2011 tana tace ganga 20,000 a rana tana kuma fitar da gas ɗin girki a cikin wannan jiha tamu. Bai dace a ce tukunyar gas ta fi sauƙin samu a Yamai a kan Sasumburum ko Yekuwa ba.

Na uku, a sa 'ya'yanmu cikin binciken. Jami'ar André Salifou ta Damagaram tana kusa da matatar da ke fitar da iskar kabon dare da rana, ga kuma ta Dan Dicko Dankoulodo a Maraɗi. Irin wannan bincike ba ya bukatar gini mai hawa goma, yana bukatar 'yan na'urorin awo, wuta mara yankewa, da malamai da ɗalibai masu tallafi. A wasu ƙasashe masana na gwada yin gawayin katalis daga ɓawo da sauran tarkacen gona, mu kuwa ga ɓawon gyaɗa da karan gero da ɓawon raken Korama. Kuza tana nan a duwatsun Azbin, jan ƙarfen Takedda kuwa tun 1353 matafiyi Ibn Battuta ya ga ana cinikinsa. Ya kamata a ware wani kaso daga kuɗin mai, komai ƙanƙantarsa, don wannan aiki. Ba sabon abu ba ne a gare mu. Farfesa Abdou Moumouni, haifaffen Tasawa, ya jagoranci cibiyar binciken hasken rana ta ONERSOL daga 1969, a lokacin da ƙasashe da yawa ba su ɗauki sola da muhimmanci ba. Ya rasu a 1991, aka sa wa jami'ar Yamai sunansa, ga shi yau faifan da muke kafawa a Malbaza da Gorou Banda daga waje muke sayo su. Kada mu sake irin wannan sake.

Na huɗu, a fara daga makarantun sakandare. Da yawanmu mun ci jarrabawar bakaloriya muna haddace lissafin sinadarai a allo, ba mu taɓa ganin ruwa ya tsage da idonmu ba. Alhali da batirin tocila, da bakin fensiri biyu, da kofin ruwan kanwa, malami zai iya nuna wa yaro kumfar iska tana tashi, ya ce masa wannan shi ne mafarin abin da ake yi a Toronto. Yaron da ya tashi yana ganin mahaifinsa na rainon gawo ya riga ya san rabin darasin.

Ba a fafe gora ranar tafiya. Ko ba daɗe ko ba jima za a samu wannan dillali mai araha, kamar yadda aka samu na taki fiye da shekaru 100 da suka wuce, kuma wanda ya sha wahalar nemansa shi zai yanka farashi. In mun zauna jira, za mu sayar da ƙarfenmu da arha, mu sayo injin da tsada, mu kuma biya wanda zai zo ya gyara mana shi. Manoman Magarya da Dungas sun yi nasu, shaida tana tsaye a gonaki kowa na gani. Saura masu riƙe da alƙalami da baitulmali. Allah ya sa su ji, ya kuma ba mu damina mai albarka.